Kafin a ɗora firiza a cikin jirgi, a zauna a yi lissafi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Don Allah a bani ɗan fili in tofa albarkacin bakina akan wata magana da ta fara yawa a bakin masunta da dillalan kifi a nan yankinmu na tafkin Kainji, tun daga Yauri da Warra har Malale da Sabuwar Bussa, wato maganar ɗora firiza mai sola a cikin jirgi saboda kifi ya daina lalacewa kafin a iso kasuwa. Ni sana'ata gyaran firij da haɗa sola, kuma yanzu da wuya mako ya wuce wani bai zo shago da wannan tambayar ba, wani ma ba tambaya yake zuwa yi ba, ya riga ya saya ya ɗora, zuwa yake da gawar kwamfiresa, wato injin da ke sanyaya firizar, ko batirin da ya kumbura yana cewa a duba masa.

Niyyar mai kyau ce, babu mai musu. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin ruwa a watan Afrilu ya ga an fito da giwan ruwa ko ragon ruwa babba, idonsa ya fara fari, cikinsa ya saki, dillali yana yatsina fuska yana karya farashi, ya san me ake ji. Kifi a zafinmu idan ba ƙanƙara 'yan awanni ne ya fara juyawa, wanda ya kwana a birgi ma tun a cikin ruwa yake soma lalacewa. Tafkin nan kuma ba ƙarami bane, tunda aka gama dam a 1968 ruwan ya shimfiɗu tsawon kilomita 130 da 'yan kai, akwai tungayen da sai ka yi awanni da inji kafin ka kai kifi inda za'a biya shi da daraja, ga fetur tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ba kowa ke iya zuwa kullum ya dawo ba. To mutum ya ji ance akwai firiza mai aiki da rana, dole ransa ya biya. Abinda nake roƙo kawai shine a san me wannan na'urar zata iya da abinda bazata iya ba, kafin talaka ya sayar da bijiminsa ko ya ci bashi a kanta.

Mutanen da suka fi kowa sanin wannan harka sune masu yawon teku a ƙananan jiragen nan masu tafiya da iska, waɗanda mutum da matarsa zasu zauna a jirgi watanni suna tsallaka ƙasashe. Duk watan Nuwamba akwai ayarinsu da ke tashi daga Las Palmas a tsibiran Kanari su tsallaka tekun Atlantika zuwa Saint Lucia, tafiyar mil 2,700 na ruwa, mako biyu zuwa uku babu tudu babu NEPA, kuma an fara wannan ayarin tun 1986. Su ma nama da kifi suke so su ajiye, su ma da batir da sola suke rayuwa, kuma shekara da shekaru suna ƙona kuɗi suna gano abinda ke aiki. Idan ka bi bayanansu zaka ga kusan duk sun haɗu akan cewa firij da firiza ne suka fi komai cin batir a jirgi idan an shiga ƙasashen zafi. Waɗannan fa masu hali ne, jirginsu yanada rufi, firizarsu tana cikin inuwa a ƙasan ɗaki, abinda suke sawa ciki kuma naman da aka riga aka daskarar tun daga kanti. Mu namu jirgin katako ne a buɗe, rana na dukan komai tun hantsi har la'asar, kifin da za'a zuba kuma ɗanye ne mai ɗumi.

Abinda na fi gani ana yi shine a sayi firiza irin ta gida, mai buɗewa ta sama, a haɗa da inbata da batirin mota ɗaya ko biyu da farantin sola guda. Wannan haɗin da wuya ya shekara. Kwamfiresar firizar gida a lokacin tashi tana fizgar wuta ninki biyar ko fiye na abinda take ci idan ta daidaita, ƙaramar inbata sai ta yi ƙara ta ɗauke, ta sake gwadawa ta sake ɗaukewa, a haka kwamfiresa ke zafi har ta ƙone. Idan ka sayi babbar inbata don maganin wannan, ita kanta tana cin wuta ko babu abinda ke aiki, mai cin wat 20 a zaune in ta kwana ta wuni a kunne ta sha wat-awa 480 kenan, wato wat 20 sau awa 24, wajen amfiya-awa 40 in an auna da ma'aunin cikin batir mai bolt 12, firiza bata ko fara nata ba. Sannan an ƙera kwamfiresar gida ne ta zauna a daɓe waje ɗaya, man da ke cikinta yana kwance a ƙasa, shi yasa ko a gida idan an ɗauko firij a mota muke cewa a barshi ya huta kafin a kunna. A jirgi kuwa igiyar ruwa na jijjiga ta ba dare ba rana. Wani abu kuma da mutane basa dubawa, a bayan kowace firiza akwai 'yar takarda da aka rubuta irin yanayin da aka yi ta dominsa. Mai harafin N ko SN iyakarta zafin digiri 32, ST digiri 38, mai T ce ke kaiwa 43. Yawancin na hannu da ake kawowa daga Turai na ƙasar sanyi ne, ka kawo ta Yauri a bazara inda zafi ke haura 40 a inuwa, bazata taɓa hutawa ba.

Batirin mota kuma ba aikinsa bane. An yi shi ne ya bada wuta mai yawa na daƙiƙa kaɗan ya tada inji sai a mayar masa nan take, idan kana zuƙe shi duk dare har ƙasa, watanni kaɗan ya mutu.

Abinda masu jiragen yawo ke amfani da shi kwamfiresa ce ƙarama mai cin wutar batir kai tsaye, bolt 12 ko 24, babu inbata a tsakani. Wadda ta fi shahara ita ce ta Danfoss, BD35F da yayarta BD50F, yanzu sunan kamfanin da ke yinsu Secop, kuma ita ko irinta zaka samu a cikin firizojin sola da yawa da na motocin tafiya. Akwai kuma Engel masu nasu salon injin na Japan. Irin wannan tana tashi a hankali ba fizga, tana jure karkata har digiri 30, gudunta ana iya saita shi daga 2,000 zuwa 3,500 a minti, cinta kuma daga amfiya 3 ne zuwa 6 ko ɗan sama, gwargwadon gudu da zafin gari. Tana da 'yar kwakwalwa da ke kashe ta da kanta in batir ya sauka zuwa bolt 10.4, bazata sake tashi ba sai ya koma 11.7. Har nan komai daidai, kuma nan ne mai talla yake tsayawa.

To mu ci gaba da lissafin da shi baya yi. A ce tana cin amfiya 5, kuma a zafinmu tana aiki awa 14 cikin 24, wanda ba ƙari na yi ba, ga akwati mai siririn bango ma ta fi haka. Amfiya-awa 70 kenan a rana, wajen wat-awa 840. Batirin sola na dalma rabinsa kawai ake taɓawa in ana so ya daɗe, don haka mai amfiya-awa 200 ɗari ɗaya ne naka, zai kai ka kwana ɗaya da ɗan ɗori idan rana bata fito ba. Na lithiyum irin LiFePO4 zaka ci kashi 80 ko fiye, ga rashin nauyi, amma kuɗinsa kowa ya sani. Farantin sola kuma ba abinda aka rubuta a bayansa yake bayarwa ba, zafi na rage shi, ƙura na rage shi, jirgi na juyawa inuwar mutum ko ta sanda ta faɗa kansa. Ni lissafina nakan ɗauki awa 5 na rana mai ƙarfi in cire kashi 30, wat 300 sai ya baka kimanin wat-awa 1,050. Ka ga da kyar ya rufe 840 ya bar ɗan saura, kuma wannan a rana mai kyau ne, ban sa hadarin Agusta ko hazon hunturu ba. Wanda aka sayar masa da wat 100 ko 150 aka ce ya isa, an cuce shi, ko mai sayarwar ya sani ko bai sani ba. Wasu sukan ce ai injin jirgi zai yi caji. Injinan Yamaha masu doki 40 da muke ɗaurawa abinda suke fitarwa na fitila ne, amfiya shida ko kusa da haka, shima sai inji na gudu sosai, kuma masunci ai ba wuni yake da inji a kunne ba.

Yanzu ga ainihin abinda ya sa na ɗauki alƙalami, kuma ina roƙon Edita ko za'a rage wasiƙar nan kada a taɓa wannan wajen. Riƙe abinda ya riga ya daskare daban, daskarar da ɗanyen kifi daban. Kafin kilo ɗaya na kifi ya sauko daga digiri 30 ya koma ƙasa da sifili da 18, wanda shine sanyin firiza na gaskiya, sai an zare masa zafi kimanin wat-awa 110, mafi yawansa a daidai lokacin da ruwan jikinsa ke juyewa ƙanƙara. Ita kuma 'yar kwamfiresar nan idan tana aikin firiza a gari mai zafi sanyin da take bayarwa wajen wat 50 ne, ko ta kwana ta wuni bata tsaya ba wat-awa 1,200 ne duka duka. A ciki kusan rabi yana tafiya wajen korar zafin da ke kutsowa ta bango da murfi. Abinda ya rage bai fi ya daskarar da kilo biyar ko shida ba a rana. Kilo biyar ko shida fa, Edita. Giwan ruwa ɗaya matsakaici ya fi haka. Sai mutum ya jibga kilo arba'in a ciki ya rufe yana ganin ya huta, na jikin bango ya yi tauri, na tsakiya yana nan da ɗuminsa har gobe, ruɓa ta fara daga ciki, kuma daga baya duka su daskare tare da warinsu. Ranar da mai saye ya narkar da shi a Kontagora ko Minna ya ga nama ya yi laushi yana zubda ruwa, domin daskarewa a hankali tana yin manyan ƙwayoyin ƙanƙara masu farfasa tsoka, shikenan ba zai ƙara sayen kifin wannan dillalin ba, wataƙila ma wani ya ci ya kwanta ciwo. Wannan shine abinda ya fi tsorata ni, ya fi asarar batir nesa ba kusa ba.

Ƙanƙara kuwa duk kilo ɗaya idan yana narkewa yana shanye zafi wat-awa 93. Bulo mai kilo 25 kenan yana ɗauke da sanyin da ƙaramar kwamfiresa zata yi kusan kwana biyu tana haɗawa ba hutu, kuma yana bada shi nan take, yana taɓa jikin kifi kai tsaye, cikin awa kaɗan kifi ya sauko kusa da sifili. Babu waya, babu fiyus, babu abinda ruwan sama zai lalata. Kifinmu na ruwan ɗumi kuma yana jure ƙanƙara ƙwarai, karfasa da aka fasa ciki aka wanke aka binne da kyau tana wuce mako lafiya lau. Ƙa'idar da masana kifi ke bayarwa a ƙasashen zafi kilo ɗaya na ƙanƙara ga kilo ɗaya na kifi, a farfasa ta ƙanana, a shimfiɗa a ƙasa, a jera kifi, a rufe, a sake jerawa, a cusa a cikin manyan, kuma a bar ƙofar da ruwan narkewa zai fita don kada kifi ya kwanta cikin jini da majina. Don haka ni a ganina mafi yawan jiragenmu akwati mai kauri suke buƙata da inda zasu sayi ƙanƙara da arha a bakin ruwa. Sola ɗin a kafa ta a tudu, inda za'a jera faranti ashirin ko talatin ba mai girgiza su, babban inji ya yi ƙanƙara da rana, jirage su ɗauka da asuba. A nan ya kamata kuɗin ƙungiyoyin masunta da na masu son taimakawa su tafi. An ga irin haka yana aiki a kudu, ɗakunan sanyi masu sola na ColdHubs da suka faro daga Owerri ai a kasuwanni aka kafa su, mutum ya biya kuɗin kwando ya ajiye.

Kuma ba kowane kifi ne ke neman sanyi ba. Tarwaɗa a baho da ɗan ruwa tana isa kasuwa da ranta, warangi shanya shi ake yi, ƙanana da yawa banda ce ta dace dasu kuma iyayenmu mata da ke wannan sana'a ba'a so a kashe musu kasuwa, gidaje nawa ne ke ci daga hayaƙin nan. Manyan masu tsada ne ake magana, giwan ruwa, ragon ruwa, yauni, manyan karfasa, waɗanda ɗanyensu ya fi bandarsu kuɗi a birni.

Duk da haka akwai wanda firiza a jirgi zata yi wa amfani, ban ce babu ba. Dillalin da ke zagaya tungaye kwana uku huɗu yana tara kifi, ko jirgin ma'aikatan lafiya da ke kai allura tsibirai, kodayake su firij na musamman ake basu mai riƙe digiri 2 zuwa 8 don allurai da yawa daskarewa na lalata su. Shi dillali shawarata ya mayar da firizar ma'ajin ƙanƙara, ya cika ta da bulo ko robobin ruwa da aka daskarar tun daga tudu, ita aikinta ta hana su narkewa, kifi kuma yana akwati daban ana ɗibar masa. A haka ƙaramin injin yana yin abinda aka yi shi dominsa.

Wanda zai haɗa, ya fara da akwatin kafin ya yi zancen inji. Zafi na shiga akwati ne kamar yadda ruwa ke tsatsowa cikin jirgi, kwamfiresa kuma yaron da ke kwalfewa ne, idan jirgi ya yi rauni ko ka sa ƙato gajiya zai yi. Masu jiragen yawo ƙa'idarsu soson rufi mai tauri inci 4 ga firij, inci 6 ga firiza, musamman ƙasa da ɓangaren da rana ke duka. Na kanti da yawa bangonsu inci biyu ne ko uku, wasu na ɗauka a hannu ma basu kai ba. Ana iya ƙara musu riga ta waje da falankin soso a naɗe da leda mai kauri, amma a lura, firizar da jikinta ke ɗumi idan tana aiki kwandensarta, wato bututun da ke fitar da zafi, tana cikin bango ne, in ka lulluɓe ta ka shaƙe ta, irin wannan inuwa kawai zaka yi mata. Soson kuma kada ruwa ya shige shi, jiƙaƙƙen soso ya gama aiki, shi yasa nake sa a ɗaga akwati akan katako sama da inda ruwan cikin jirgi ke taruwa. Murfi ya zama ta sama domin iska mai sanyi nauyi gareta, mai ƙofa ta gaba duk buɗewa zubewa take yi. Robar bakin murfi a gwada ta da takarda, ka rufe akanta ka ja, in ta zare ba gardama to akwai ɓaraka. A shafa farin fenti, a yi rumfa, farantin solar ma shi kansa zai iya zama rufin rumfar.

Sai wajen numfashi. Duk zafin da aka ciro daga ciki ta kwandensa yake fita, haɗe da zafin injin kansa, idan ka cusa shi a lungu ka rufe don gudun ruwa zai dinga shaƙar iskarsa mai zafi, cin wuta ya ƙaru, sanyi ya ragu. A bar masa ƙofa a ƙasa iska ta shiga, wata a sama ta fita, fanka tana turawa, a dinga goge ƙura da ɓawon kifi da yanar gizo. Su can masu jiragen yawo wasu suna sanyaya kwandensa da ruwan teku, akwai na Frigoboat da ake ɗaure wani ƙarfe a ƙarƙashin jirgi gas ya bi ta ciki ya huce, dabara ce mai kyau ƙwarai, amma a Kainji da kututturan itatuwa ke nan birjik a ƙarƙashin ruwa tun da aka cika tafkin, ga jirgi kullum ana jansa kan yashi da dutse, ban ba kowa shawarar ya huda katakonsa don wannan ba. Mai famfo kuma kainuwa da ciyawa zasu toshe shi, ga ƙarin wutar famfon.

Waya ita ce ta fi kawo min aiki a shago. Mutum ya sayi injin dubban ɗaruruwa sai ya ja masa wuta da siririyar wayar fitila mita shida. A bolt 12 ɗan abinda ya zube a hanya babba ne, batir a cike amma abinda ke isa wajen inji ya gaza, kwakwalwar ta ɗauka batir ya mutu ta kashe, sai a ce gas ya ƙare a je a yi ta ɗura gas har a ɓata lafiyayyen inji. Takardar Danfoss ta faɗa a fili, waya mai kauri sikwaya milimita 2.5 kada ta wuce mita 2.5, mai 4 mita 4, mai 6 mita 6, mai 10 mita 10, in bolt 24 ne a ninka tsawon. Fiyus amfiya 15 a bolt 12, ko 7.5 a bolt 24, kuma a sa shi dab da kan batir. A ja waya kai tsaye daga batir, banda soket ɗin sigari irin na mota, banda murɗa waya da hannu a naɗe da salatif. Tagulla ta gaske, don kasuwa cike take da alminiyon da aka yi wa wankan jan ƙarfe, ka kankare da wuƙa in ka ga fari a ciki ka ajiye musu abinsu. Kawunan waya a matse su a shafa giris saboda danshi. Kwantirolar caji kuma, wadda ke tsakanin faranti da batir, a daure a sayi irin da ake kira MPPT, ta fi irin PWM tatso abinda faranti ke da shi, kuma a ɗaura ta inda feshin ruwa baya kaiwa. Akwai wajen sa 'yar fitila a kwakwalwar kwamfiresar da ke faɗin ciwonta, ƙiftawa ɗaya wuta ta yi ƙasa, biyu fanka ta ja fiye da ƙima, uku inji ya kasa tashi, huɗu ya kasa kai gudunsa, biyar kwakwalwa ta yi zafi. 'Yar fitilar nan kuɗinta bai kai na lemon kwalba ba amma masu gyara da yawa basu san da ita ba.

Maganar rai kuma bazan tsallake ta ba. Jarkokin fetur suna cikin jirgi, tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasan jirgi yake kwanciya, nan kuma ake ajiye batir. Tartsatsi ɗaya daga sakakken kan batir ya isa. Batir ya zauna a akwatinsa mai murfi da hujin iska, a ɗaure tamau, nesa da fetur iya nisan da jirgi ya bada, kuma kada a cire ko a maƙala waya ana cikin ɗura mai. Sannan nauyi. Batirin dalma mai amfiya-awa 200 yana kai kilo 60, ga firiza, ga ƙanƙara, ga kifi, duk wannan nauyin mutane ne da dole a rage a lodi, a zaunar da shi a tsakiya kuma ƙasa ƙasa. Farantan da aka ɗaga a rumfa idan guguwar farkon damina ta taso kama iska suke yi su kwantar da jirgi gefe, a yi su yadda za'a iya saukewa cikin sauri. Mu mutanen yankin nan bamu manta da jirgin da ya nutse kusa da Warra a Mayun 2021 ba, rayukan da suka tafi suna da yawa, Allah ya jiƙansu da rahama. Jirgin fasinja da ke cika ranar kasuwa ni ban yarda a ƙara masa wannan kaya ba ko kaɗan.

Roƙona ga cibiyar binciken kifi ta NIFFR da kwalejin kifi da ke Sabuwar Bussa, tunda suna da masana kuma ruwan yana ƙofar gidansu, su gwada waɗannan firizojin a kan jirgi na gaske a watan Afrilu da na Agusta, su auna cin wutarsu da kilo nawa suke iya daskararwa, su fitar da sakamakon da Hausa a rediyo da takarda yadda Sarkin Ruwa zai tara mutanensa a karanta musu. Su kuma koya wa kafintocinmu masu ƙera jirgi yadda ake haɗa akwatin ƙanƙara mai kauri da kayan da ake samu a nan. Hukumar REA mai kai wuta karkara idan zata kafa sola a garuruwan bakin ruwa ta sa injin ƙanƙara cikin tsarin tun farko. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa kuma ta duba zancen batir da fetur a jirgi ɗaya kafin abin ya yaɗu. 'Yan'uwana masu sayarwa da masu haɗawa, ku ji tsoron Allah ku tambayi mutum kilo nawa yake kamawa da kwana nawa yake yi a ruwa kafin ku karɓi kuɗinsa, ku rubuta masa lissafin a takarda ya tafi da shi. Mai saye kuma ya nemi a gaya masa abu uku da lamba, amfiya-awa nawa take ci a rana a zafin digiri 40, kaurin bangonta inci nawa, kuma kilo nawa take daskararwa cikin awa 24, wannan na ƙarshen ma firizoji da yawa an rubuta shi a takardar bayansu. In mai shago ya kasa amsawa a je wani shagon.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Naku,
Mai gyaran firij da haɗa sola,
Yelwan Yauri, Jihar Kebbi.